Tambayoyi da Amsoshi Kan Samarin Jidda Masu Kiɗan Rok Ba Tare da Kamfani Ba

Tun da bidiyon samarin nan huɗu ya fara yawo a wayoyin mutanenmu na Jidda da Makka, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu daga iyaye suke fitowa, wasu daga matasan da ke son bin sahu, wasu kuma daga can Kano da Damagaram da Kassala. Sana'ata haɗa sauti ce a ɗakunan biki, kuma ni ke riƙe wa yaran na'ura duk ranar da za su yi wasa, shi ya sa tambayoyin ke biyowa ta kaina. Na tara waɗanda aka fi maimaitawa a nan. Ban sa sunan kowa ba, har na ƙungiyar, domin akwai ɗaya a cikinsu da danginsa ba su gama amincewa ba tukuna, kuma ba na so in ƙara masa nauyi.

Me ake nufi in an ce ba su da kamfani?

Ana nufin babu wani kamfanin waƙa da suka sa hannu da shi. Mawaƙin da ke ƙarƙashin kamfani irin Rotana, ko manyan nan uku na duniya, Universal da Sony da Warner, kamfanin ne ke biyan kuɗin situdiyo da talla da bidiyo, shi ke kai waƙar kasuwa, kuma galibi shi ke mallakar ainihin sautin da aka ɗauka. Su waɗannan yara komai daga aljihunsu yake fita. Su ke rubutawa, su ke ɗauka, su ke sakawa a intanet, su ke neman wurin wasa, su ke ɗora kaya a mota da tsakar dare in an tashi. A madadin wannan wahala, waƙoƙinsu nasu ne ɗari bisa ɗari.

Su waye, kuma ta yaya suka haɗu?

Mai waƙa, wanda kuma shi ke riƙe da babbar jita, haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, daga cikin gidajen nan da ake kira Hausawi. Kakan kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratsa Sudan, ya ƙetaro teku don sauke farali, bai koma ba. Mai ganguna ɗan Jidda ne, a kudancin gari ya tashi. Mai jitar bes Bahaushen Sudan ne daga gabashin ƙasar, iyayensa sun daɗe suna aiki a nan. Na huɗun shi ne mai kalangu, kuma shi kaɗai ne ya yi ƙuruciyarsa a can ƙasar Hausa, a gidan makaɗa, kafin zama ya kawo shi nan.

Ukun farko sun daɗe tare suna kwaikwayon waƙoƙin Turawa a ɗaki. Sun iya, amma babu abin da ya bambanta su da sauran samarin da ke yin haka a Riyad ko Dammam. A wani biki suka ga mai kalangun yana kaɗa wa dattawa, suka roƙe shi ya zo gwaji sau ɗaya. Daga ranar sautinsu ya zama nasu.

Dama ana kiɗan rok a Saudiyya? Mun ɗauka an hana.

An daɗe ana yi, a ɓoye. Tun kafin a buɗe ƙofa akwai ƙungiyoyi irin su Wasted Land a Jidda da Sound of Ruby a Dammam, suna wasa a gidaje da harabobin da aka kewaye, ba talla ba sanarwa. A 2008 wasu 'yan mata na Jidda masu suna AccoLade suka sa waƙarsu a shafin intanet na MySpace, labarinsu ya kai har jaridun Amurka, alhali ba su da damar hawa dandamali a garinsu.

Abubuwa sun juya daga 2016. A shekarar aka rage ƙarfin 'yan hisba, aka fito da shirin gwamnati na sauya fasalin ƙasar zuwa 2030, aka kafa hukumar nishaɗi ta ƙasa. A farkon 2017 fitaccen mawaƙin Saudiyya Muhammad Abdu ya yi wasa a fili a Jidda bayan shekaru ba a ga irin haka ba. An kafa ma'aikatar al'adu a 2018, sannan hukumar kiɗa a ƙarƙashinta a 2020. Bikin Soundstorm na kamfanin MDLBEAST ya fara a Riyad a ƙarshen 2019, kuma a Disambar 2023 Metallica, shahararrun makaɗan rok na Amurka, da kansu suka yi wasa a wurin. Yaron da ya koyi jita da ƙofa a kulle yau yana iya sayen tikiti ya je ya ga waɗanda ya koya daga wurinsu.

Sai dai kada a ruɗe. Manyan bukukuwan nan baƙi daga waje ne ke cinye mafi yawan kuɗinsu da lokacinsu. Ƙaramar ƙungiyar cikin gari har yanzu sai ta sha fama kafin ta sami ɗakin da za ta yi wasa a cikinsa a kai a kai.

Me ya haɗa Bahaushe da kiɗan Turawa? Ba mu da namu ne?

Wannan tambayar na fi jin ta daga bakin dattawa, kuma ina girmama ta. Amsata ita ce a fara sauraro tukuna. Jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a yankinmu. Tinariwen, Buzayen Mali, sun ci kyautar Grammy a 2012 da ita. Bombino na Agadas ya zagaya duniya da ita. Mdou Moctar na Nijar da wayoyin burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma ta katin waya da bulutut suka fara yaɗuwa a kasuwannin Sahel tun kafin wani kamfani ya san da shi. A Sudan, Sharhabil Ahmad ya yi shekaru da dama yana haɗa jita da kiɗan ƙasarsa. Wanda ya san amon gurmi ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, in ya ji yadda waɗannan mutane ke taɓa tsirkiya, ba zai ji baƙon abu ba.

Abin da yaran nan suka yi shi ne sun bar kalangu ya ja gaba. A yawancin waƙoƙin rok, ganguna da bes ne ke shimfiɗa ƙasa, jita ta yi magana a sama. A wurinsu kalangu ne ke fara magana, jita ta amsa masa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa Shata. In mai kalangun ya matse igiyoyin a hammatarsa muryar ta hau, mai jita sai ya lanƙwasa tsirkiya ya bi shi har inda ya tsaya. Mai gangunan kuma da kiɗan mizmar ya tashi, wasan sandan nan na Hijaz da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, wanda samarin unguwanninmu suka daɗe suna cikin gwanayensa. Wannan nauyin bugu na mizmar yana nan a hannunsa ko da bai yi niyya ba.

Ta fuskar aikina, kalangu ya fi duk sauran kayan ba ni aiki. Damshin Jidda yana sassauta fatarsa, sanyin na'urar ɗaki kuma ya sake canza ta, saboda haka muryar da aka daidaita da la'asar ba ita za a tarar da daddare ba. Ga shi mai kaɗawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, da duk jikinsa yake kiɗan. Ƙaramin makirufo nake maƙala masa a bakin gangar, in rage ƙarar jita a lasifikar da ke gabansa, in ba haka ba ba zai ji kansa ba, sai ya riƙa dukan fatar da ƙarfin da zai kashe zaƙin sautin.

Da wane harshe suke waƙa?

Larabcin Hijaz da Hausa, wani lokaci a cikin baiti ɗaya, kamar dai yadda ake magana a gidajenmu na nan. Hausar mai waƙar ta kaka ce, akwai tsofaffin kalmomin da ko a Kano an daina ji, ga kuma karin Larabci a harshensa. Masu sauraro daga Najeriya wasu suna yi masa gyara a ƙasan bidiyo. Yana karɓar gyaran da ya shafi ma'ana, amma karin harshen bai canza ba, kuma ina ganin daidai ya yi. Haka Hausar Makka take, ita ma Hausa ce.

A ina suke gwaji, kuma ina suka sami kuɗin kaya?

Istiraha suke kamawa a bayan gari, irin wadda iyalai ke haya don hutun ƙarshen mako, su haɗa kuɗin su huɗu. Daren Alhamis ya fi tsada, don haka tsakiyar mako suke zuwa. Suna jingina katifu da barguna a bango don sauti ya daina dawowa, in an kira salla a ajiye kaya a yi jam'i a tsakar gida. Kayan kuwa kusan duk na hannu ne, daga shafin saye da sayarwa na Haraj da kuma wurin baƙin ma'aikatan da suka gama zama za su koma ƙasarsu. Dukkansu suna da abin yi da rana. Kiɗan bai kai ga ciyar da kowa ba tukuna.

Waƙoƙinsu na farko a ɗakin kwanan mai bes aka ɗauke su, da kwamfuta ɗaya da makirufo biyu. Ganguna kaɗai suka kai situdiyo, domin su ne ba sa ɗaukuwa da kyau a ƙaramin ɗaki.

To ta yaya suka yi suna haka?

Mutane suna ganin bidiyo ɗaya ne ya ɗaga su dare ɗaya. Bidiyon ya taimaka, amma ya tarar da aiki a ƙasa. Kafin shi sun daɗe suna wasa a ƙananan wurare: gidan gahawa mai ɗan dandamali a lungu, taron masu zane, daren da ake ba kowa makirufo ya gwada. Duk inda suka je, mai bes yana zagayawa bayan wasa yana karɓar lambar duk wanda ya nuna sha'awa, ya sa shi a zauren WhatsApp. Mutanen wannan zaure su ne suka fara tura bidiyon, kuma su ne ke sayen tikiti tun ranar da aka sanar.

Akwai kuma wani dalili da ba na jin wanda ba ɗan nan ba zai gane shi da sauri. Rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, su Sabil da Kandara da Gulail da Karantina, ya warwatsa mutanenmu. Maƙwabtan da suka yi shekara arba'in ƙofa da ƙofa, yau wani yana arewacin gari wani yana can kudu. Ɗaya daga cikin waƙoƙin yaran tana lissafa abubuwan tsohuwar unguwa ne kawai, mai tsire a bakin layi, tsohuwar da ke sayar da fura, filin da ake mizmar ranar salla. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Ranar da suka fara yin ta a fili, daga bayan na'ura ina kallon wani magidanci mai furfura ya ɗaga waya sama yana kiran tsohon maƙwabcinsa ta bidiyo don ya ji. Wannan waƙar ce ta sa iyaye suka fara tura wa juna abin da da 'ya'yansu kaɗai ke saurare.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Arctic Monkeys na Sheffield a Ingila kyauta suke raba faifai a wuraren wasansu, masoya suka riƙa sakawa a intanet, har suka cika ɗakuna kafin su sa hannu da kamfanin Domino a 2005. Jama'a ce ta fara zuwa, kamfani ya biyo baya.

Yaya ake sa waƙa a manhajojin sauraron kiɗa irin su Spotify ko Anghami in babu kamfani?

Ta hannun dillalan intanet irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Kana biyan kuɗi kaɗan, wasu duk shekara wasu kan kowace waƙa, ka ɗora sautin da hoton bango, su kuma su raba shi ga Spotify da Apple Music da Anghami da sauransu, su ba waƙar lambar shaida da ake bin sawunta da ita. Mallaka tana nan a hannunka. Spotify ya shigo ƙasashen Larabawa a ƙarshen 2018, ya shiga Najeriya a 2021. Amma wanda ke son kunnen Kano da Kaduna kada ya manta da Audiomack da Boomplay da YouTube, can jama'armu suka fi yawa.

Shawara ɗaya: a ɗora waƙa da wuri. Spotify yana ba mawaƙi damar gabatar da sabuwar waƙa ga masu tsara jerin waƙoƙinsa, amma sai an yi hakan aƙalla kwana 7 kafin ranar fitowa.

Ana samun kuɗi a ciki?

Daga sauraron intanet, kaɗan ne ƙwarai. Spotify ba shi da tsayayyen farashi, amma ƙiyasin da aka saba yi shi ne dala 3 zuwa 5 kan kowane sauraro 1,000. Da yake dala ɗaya riyal 3.75 ce, sauraro miliyan ɗaya zai kawo tsakanin riyal 11,000 da 19,000, a raba wa mutum huɗu, bayan an cire abin da aka kashe. Kuma ba duk sauraro ne ke da daraja ɗaya ba, na ƙasar da kuɗin rajista ke da arha ya fi ƙarancin kawo kuɗi. Sai mutum ya saurari daƙiƙa 30 kafin a ƙirga, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. YouTube kuma ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, ko makamancin haka a gajerun bidiyo.

Abin da ke shigo musu da ɗan abin kirki shi ne wasa a fili, da riguna masu tambarinsu, da gayyatar da kamfanoni ko masu shirya bukukuwa ke yi musu lokacin sanyi. A watan azumi da lokacin aikin hajji kuma komai yana tsayawa, kuma su da kansu ba sa neman wasa a lokacin.

Ana bukatar izini? Mai iƙama zai iya shiga?

Wasan da za a sayar da tikiti a fili yana bukatar izinin hukuma, kuma yawanci mai wurin ko mai shirya taron ne ke nemansa. Kada ƙaramar ƙungiya ta yarda ta hau dandamali sai ta tabbatar an yi wannan. Maganar iƙama kuwa, wato takardar izinin zaman baƙo, ta fi nauyi. Dokar ƙasar nan ba ta yarda baƙo ya yi aikin kuɗi a wajen wanda ya ɗauke shi ba, kuma takardar aikin kai da ake bayarwa ta 'yan ƙasa ce. Don haka ɗan'uwa, in kai mai iƙama ne, ka nemi bayani daga lauya ko daga hukumar da abin ya shafa kafin ka karɓi ko riyal ɗaya, kada ka dogara da "ai kowa ma yana yi". Wanda takardunsa ba su cika ba, ina roƙonsa ya gyara su tukuna. Fuskar da ta shiga bidiyo ba ta ɓoyuwa.

Ɗana ya sayi jita, hankalina ya tashi. Kiɗa ba haramun ba ne?

Hajiya, ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi miki fatawa ba. Abin da kowa ya sani shi ne mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a biki, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari. Akwai kuma waɗanda suka saɓa, irin su Ibn Hazm, da wasu malaman zamanin nan da ke duba abin da waƙar ta ƙunsa da abin da take jawowa. Buɗe wuraren wasa da gwamnati ta yi bai share wannan saɓani ba. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abin da zan iya faɗa miki daga abin da idona ya gani shi ne, yaron da aka fasa wa jita ba ya daina kiɗa, gida yake daina kawo shi. Ki san abokansa, ki san inda yake gwaji, ki ji abin da yake faɗa a waƙar, ki tsaya a kan sallarsa da karatunsa. Mahaifiyar mai gangunan nan ba ta taɓa zuwa wasansu ba, kuma ta gaya masa ba za ta zo ba. Amma ta san ranar gwaji, ta san lokacin dawowarsa, shi kuma bai taɓa saɓa mata lokacin ba.

Wa zai ba makaɗi 'yarsa? Wannan ba roƙo ba ne?

A al'adarmu kiɗa gado ne, kuma an daɗe ana yi wa gidan makaɗa wani irin kallo, ko da ana jin daɗin abin da suke yi. Mai kalangun ya san wannan kallo tun yana yaro. Yaran nan ba sa yi wa kowa kirari, ba sa kiran sunan attajiri don ya yi liƙi, tikiti ake saya a shiga. Amma ba na so in kare su ta hanyar ƙasƙantar da maroƙa. Hannun da ya sa ƙungiyar nan ta yi fice a gidan makaɗa aka horar da shi, kuma sauran ukun suna kiransa Malam ne saboda sun san abin da yake ɗauke da shi.

An ce wani kamfani ya neme su sun ƙi. Ba wauta ba ce?

An neme su, gaskiya ne, kuma ina cikin waɗanda suka ce su dakata. Ga dalili.

Kuɗin da kamfani ke ba mawaƙi a farko ba kyauta ba ne, kafin alƙalami ne da za a cire daga rabonsa. Kuɗin situdiyo da na bidiyo, wani lokaci har da na talla, su ma a kansa ake rubuta su. Sai kamfani ya gama fanshe duk wannan daga ɗan kason mawaƙin kafin ya fara ganin wani abu, alhali kamfanin yana cin nasa kason tun daga sauraron farko. Takardar da aka kawo wa yaran ta nemi mallakar duk waƙoƙin da suka riga suka ɗauka da kuɗinsu, ta nemi kaso a tikiti da riguna, ta kuma ba kamfanin shi kaɗai ikon sabunta yarjejeniyar. A bakin magana kuma aka ba su shawarar su rage Hausa, su mayar da kalangu ɗan ado a farkon waƙa. Wato a sayi abin, a cire abin da ya sa aka zo sayensa.

Duk wanda ya san yadda aka yi da masu fim da mawaƙa a Kano zamanin kaset da faifai, lokacin da mutum zai kai aikinsa kasuwar Ƙofar Wambai ya sayar da masta, wato ainihin kwafin aikin, gaba ɗaya don bukatar yau, ya san ƙarshen wannan ciniki. Kuma ba ƙananan mawaƙa kaɗai abin ke ci ba. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift, duk girmanta, an sayar da ainihin sautin kundayenta shida na farko a 2019 ba da son ranta ba, ta koma tana sake rera su, sai a 2025 ta iya saye su.

Ba ina cewa kamfani abokin gaba ba ne. Akwai ƙofofin da ƙungiya ba za ta iya buɗe wa kanta ba: rangadi a Turai, rediyo, manyan bukukuwa. Mdou Moctar ya sa hannu da kamfanin Matador ya fitar da kundi a 2021, amma ya je ne yana da jama'arsa da sautinsa, babu mai ce masa ya sauke rawani. Abin da nake so wa yaran nan ke nan. Su ci gaba da cika ɗakuna har ranar da za su zauna a teburi suna da abin cewa a'a da shi. In ranar ta zo, su ba da hayar waƙoƙinsu na shekaru ƙididdigaggu su dawo hannunsu, maimakon sayarwa har abada, kuma lauyan da zai karanta musu takardar ya zama nasu, ba wanda kamfanin ya kawo ba. Kafin nan, sun fara rajistar ayyukansu a hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya.

Akwai mata a irin wannan kiɗa?

Akwai. Seera, ƙungiyar mata zalla daga Riyad, tana wasa a fili yanzu, tana rok da Larabci. A cikin 'yan matanmu na Hausawa na san masu koyon jita da fiyano a gida. Waɗanda suka fito fili ba su da yawa tukuna.

Me zai iya rusa su?

Kuɗi da gajiya, fiye da rashin masu sauraro. Ƙungiyoyi da yawa suna tare lafiya lau lokacin babu, ranar da ɗan abu ya shigo sai a fara "ni na rubuta", "ni na kawo amshin". Yaran nan sun zauna sun rubuta a takarda cewa kowace waƙa kashi huɗu ce daidai, ko wa ya kawo ta, kuma sun rubuta abin da zai faru da suna da tashar YouTube in wani ya fita. Zaman bai yi daɗi ba, an ɗaga murya, amma an yi shi.

Sauran barazanar rayuwa ce kawai. Aure yana tafe, aiki na iya mayar da wani Riyad, zaman mai bes a ƙasar nan ya rataya a kan takardun aiki, ga danginsa da yaƙin Sudan ya tarwatsa tun Afrilun 2023 suna jiran abin da zai aika. Akwai watannin da rabonsa na wasa ko kwana ba ya yi a hannunsa.

Za su zo Najeriya ko Nijar?

Suna so ƙwarai, musamman mai waƙar, wanda bai taɓa taka ƙasar kakanninsa ba. Abin da ya tsaya shi ne kuɗin jirgin mutum huɗu da kayansu, da biza ga masu fasfo iri uku, da samun mai shirya taro da za a amince da shi wajen wuri da wuta da kayan sauti.

Ina son abin da suke yi. Da me zan taimaka?

In kana Jidda ko Makka, sayi tikiti da wuri, kada ka jira a sa sunanka a jerin baƙi, domin yawan tikitin da aka sayar kafin ranar shi mai wurin ke dubawa ya yanke ko zai sake kiransu. In kana nesa, tura wa mutane adireshin waƙar maimakon ka sauke ta ka riƙa rabawa a WhatsApp, don sauraron da aka yi ta fayil ba ya shiga lissafinsu. Wanda kuma yake da tsohon kaset na kiɗan kalangu ko na bukukuwan mutanenmu na Makka a ajiye a gida, mai kalangun yana nema, zai kwafa ya mayar maka da abinka.